Kantin kayan Asiya a gefen Damagaram: daga na baƙi zuwa na unguwa

Lokacin da matatar man SORAZ ta fara aiki a 2011, yawancin masu shiga wannan kanti da ke gefen gari baƙi ne 'yan ƙasar Sin, suna neman taliya da kayan miyar garinsu. Yanzu kuwa matan unguwa ne suka cika shi, domin ya rage musu wahalar hawa kabu-kabu zuwa Kasuwar Dole.

Abin da ya fi burge ni shi ne sashen shayi, inda ake buɗe kwalin ganyen shayin Sin mutum ya shinshina kafin ya biya, ga kuma ƙananan butoci da kofunan gilashi a jere. Shinkafar Indiya da fitilun sola ma akwai, kuma an rubuta farashi a jikin kowane kaya, lamarin da bai yi wa tsofaffin da suka saba da ciniki daɗi ba.

Ƙorafina ɗaya ne: fitilar da na saya jaka biyar ta mutu cikin mako biyu, kuma da na mayar, sai yaron kantin ya ce, "Malam, kayan wuta ba a canzawa."