Sharhi a kan adaftar katin memori a madadin faifan ajiya a tsohuwar uwar garke

Aikina shi ne kula da kwamfutocin wasu ƙananan makarantu da ofisoshi a Nima da Maamobi, a nan Accra, kuma akasarin kwamfutocin uwar garke, wato manyan kwamfutocin da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima, da ke hannuna kwance ne, an gama cin moriyarsu a Turai kafin su iso tashar Tema. Injinan suna da ƙarko, amma abin da ke fara mutuwa a cikinsu shi ne faifan ajiya, musamman irin na IDE, wato mai tsohuwar mahaɗa, da aka daɗe da daina ƙerawa, ta yadda duk wanda za ka samu a kasuwa shi ma ya sha aiki, ba ka san ranar da zai tsaya ba. Wannan ne ya sa na koma ga adaftar da ke karɓar katin memori ta gabatar da shi ga kwamfuta a matsayin faifan da za ta tashi da shi. Na yi aiki da iri biyu, mai karɓar CompactFlash da mai karɓar SD, kuma ra'ayina ya tsaya a kan ta farko, da sharaɗin cewa babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, irin su Linux ko Windows, kaɗai za a ɗora wa katin, a nema wa bayanan aiki wani wurin dabam.

Dalilin da ya sa CompactFlash ya dace da wannan aiki yana cikin ƙirarsa tun asali. Kamfanin SanDisk ne ya fito da shi a 1994, kuma an gina shi a kan ƙa'idar ATA, wato wadda faifan IDE yake magana da ita da kwamfuta. Saboda haka adaftar ba ta da wata ƙwaƙwalwa a jikinta. Idan ka ɗauke ta ka duba, ɗan allo ne kore wanda bai cika tafin hannu ba, da gurbin kati mai haƙora 50 a gefe guda, da mahaɗar IDE mai haƙora 40 a ɗaya gefen, sai wurin sa wuta irin na tsohon fulofi, da ɗan jamfa na zaɓar ko katin ne faifai na farko ko na biyu a kan kebul, da 'yar fitila mai ƙyafta ido idan ana karatu. Akwai kuma mai haƙora 44 irin ta laftof, wadda take samun wutarta ta cikin kebul ɗin. Da yake wayoyi ne kawai ke sada wannan haƙori da wancan, babu abin da zai lalace a tsakani, kuma BIOS, 'yar manhajar da ke fara tayar da kwamfuta, yana ganin sunan katin kai tsaye kamar yadda yake ganin na faifai.

Duk da sauƙin ƙirar, ba kowace adafta ce aka haɗa daidai ba, kuma a nan ne masu arha suke cutar da mutum. Wata da na saya, wadda ba ta da ko suna a jikinta, ta sa Linux yana tsayawa tsawon lokaci a farkon tashi yana jero saƙon cewa faifai bai amsa ba, daga bisani ya haƙura ya koma PIO, tsohuwar hanyar kai bayanai mai nauyi da cin ƙarfin kwamfuta. Da na sa mitar gwada lantarki na auna, sai na tarar ba a haɗa layukan DMA, wato hanyar kai bayanai mai sauri, ba sam. Katin yana shaida wa kwamfuta cewa ya iya DMA, ita kuma tana jiran amsa ta hanyar da babu waya. Gwajin ba shi da wuya ga mai mita: haƙori na 21 na IDE ya kamata ya sadu da na 43 na katin, na 29 kuma ya sadu da na 44. Idan mita ba ta yi ƙara a waɗannan wurare biyu ba, a mayar da kaya, ko kuma a kashe DMA a cikin manhaja a zauna da rashin sauri. Wadda aka haɗa daidai kuwa tana bukatar kebul mai wayoyi 80 kafin ta wuce matakin gudu da ake kira UDMA 33.

Amma katin da za a sa ya fi adaftar muhimmanci, kuma a kansa ne kuɗin ke tafiya. Katunan da aka yi wa masu kyamara yawanci suna gabatar da kansu a matsayin abin cirewa, kuma wannan 'yar alama tana da babban tasiri a kan tsofaffin Windows irin XP da Server 2003, domin sukan ƙi ajiye fayil ɗin aron RAM, wato wurin da kwamfuta ke ara a faifai idan ƙwaƙwalwarta ta cika, a kansu, kuma ba sa ganin fiye da yanki ɗaya na katin. Linux da FreeBSD ba su damu da wannan ba. Katunan masana'antu, irin waɗanda Transcend da Apacer da Innodisk da Swissbit suke yi, galibi suna zuwa a matsayin kafaffen faifai, da yawansu kuma an yi su da ƙwayoyin ajiya irin SLC da ke jure gogewa da sake rubutu har kusan sau 100,000, alhali ɗaya irin, na MLC, ba sa wuce 'yan dubbai. Wasu ma suna ba da rahoton SMART, wanda ke nuna wa mutum yadda katin yake tsufa. Lokacin da na kai wa mai ɗaya daga cikin makarantun lissafi, ya ce da ni, "Malam, ya za a yi kati mai giga 4 ya fi mai giga 32 tsada?" Na ce masa, "Alhaji, ƙarko muke saya, domin abin da za mu zuba a ciki bai kai giga 2 ba." Ya amince, kuma wannan katin yana nan yana aiki a injin da ke raba wa ɗaliban intanet.

Adaftar SD ba ta gamsar da ni ba. Katin SD yana da tasa ƙa'idar dabam, don haka dole a sa ɗan guntun lantarki a tsakani ya riƙa juya umarni, kuma ingancin aikin gaba ɗaya ya rataya a kan wannan guntu. Wadda na gwada ta tashi lafiya a injin ɗaya, a wani kuma BIOS yana ganinta yau gobe ya rasa ta, sannan idan aka zo rubuta ƙananan fayiloli masu yawa sai komai ya yi nauyi. Abin da kawai ta fi ɗayar da shi shi ne sauƙin samun kati, domin SD ko'ina akwai shi a kasuwar Circle ta Accra, CompactFlash na masana'antu kuwa sai an yi oda daga waje an jira.

Kafin a kashe ko sidi ɗaya, wajibi ne a buɗe injin a ga irin mahaɗar da ke ciki. Uwar garke da yawa na farkon shekarun 2000, kamar Dell PowerEdge 2850 da HP ProLiant DL380 G4, faifansu na SCSI ne, wata mahaɗa dabam da IDE, kuma adaftar IDE ba za ta shiga gurbinsu ba. A irin waɗannan, IDE ɗin da ke kan babban allo na CD ne, sau da yawa ma da siririyar mahaɗa ta musamman, don haka sai an tabbatar BIOS zai yarda ya tashi da faifai daga nan. Haka kuma tsohon BIOS yana da iyakar girman da yake iya gani, wasu a 8.4GB, wasu a kusan 32GB, wasu a 137GB, wanda hakan ƙarin dalili ne na zaɓar ƙaramin kati. Injinan da suka zo daga baya, irin su PowerEdge R710 da ProLiant DL380 G7, ana iya sa musu SD a ciki ba tare da irin wannan adafta ba, sai dai tun daga ESXi 7.0, wata babbar manhajar uwar garke, kamfanin VMware da ke yin ta ya ja kunnen mutane game da dogaro da SD ko USB kaɗai wajen tashi, saboda yawan rubutun da sabon tsarin yake yi yana cinye su da wuri.

Wannan jan kunne ya shafe mu sosai, domin abu biyu ne ke kashe kati: yawan rubutu, da ɗaukewar wuta ana tsakiyar rubutu. Duk wanda ya riƙe kwamfuta a garin nan a 2015, lokacin da dumsor, wato yawan ɗauke wuta, ya yi tsanani, ya san na biyun. Abin da nake yi a kowane inji shi ne in kashe wurin aron RAM da ke kan kati, in hana tsarin rubuta rana da sa'ar da aka buɗe kowane fayil, in mayar da rajistar ayyuka cikin RAM ko in tura ta wata kwamfutar, sannan in tabbatar akwai UPS, wato batirin ko-ta-kwana, da zai ba injin damar kashe kansa cikin tsari. Rumbun bayanan ɗalibai da takardun ofis ba sa hawa katin ko kaɗan. Kuma ba a zare katin injin yana kunne, ko da gurbin yana leƙowa ta bayan akwati.

Abin da na samu bayan haka ya biya ni. Kukan faifai ya ɗauke, zafin cikin akwati ya ragu, wanda ba ƙaramin abu ba ne a ɗakin da fanka kaɗai ke aiki a watan Maris, kuma injin yana tashi da sauri fiye da da, tun da babu allurar da za ta yi yawo tana neman fayil. Wajen kwafar manyan fayiloli bai kai faifan SSD na zamani ba, kuma duk injin da ke da sabuwar mahaɗa ta SATA gara a sa masa ƙaramin SSD a huta. Kowane sabon kati ina gwada shi da manhajar H2testw ko f3 kafin in ɗora masa komai, saboda jabun da ke nuna girman da ba su da shi sun yi yawa a kasuwa. Idan na gama saita inji, nakan kwafe katin gaba ɗaya zuwa wani irinsa, in rubuta kwanan wata a jiki, in manna shi da salatif a cikin murfin akwatin, ta yadda idan na farko ya tsaya ba na kusa, malamin kwamfuta na makarantar zai kashe wuta ya sauya shi da kansa.