Injin Wanki Mai Feshin Ruwa: Abin Dubawa Kafin Ka Biya Kuɗi A Yamai

In ka shiga Katako ko Babbar Kasuwa neman injin feshin ruwa mai aiki da kuran, abin da mai shago zai fara nuna maka shi ne lambar da ke jikin kwali: bar 130, bar 150, wani ma 200 da manyan jajayen haruffa. Bar ita ce ma'aunin ƙarfin bugun ruwa, tana da amfaninta, amma ba da ita ake fara zaɓe ba. Injin nan abu biyu yake ci, ruwa da kuran, kuma a Yamai yawancin waɗanda suka mutu da wuri su biyun nan ne suka kashe su, ba yawan aiki ba. Saboda haka cinikin daga gida yake farawa, a bakin pampo da gaban kwantar kuran.

Ruwan gidanka

Ɗauki bido mai lita 25, ka buɗe pampo gaba ɗaya, ka duba agogo. In ya cika cikin minti 3, pamponka na ba da sama da lita 8 a minti, ya ishi injin gida matsakaici. In sai ya kai minti 5, lita 5 ke nan a minti, ko ƙaramin inji mai shan lita 6 ba zai ƙoshi ba. Ka yi gwajin a lokacin da kake son yin wankin, ba da tsakar dare ba, don a unguwannin bayan gari da ke nesa da tashar tace ruwa ta Gudel ruwan rana da na dare ba ɗaya ba ne, musamman da bazara.

Injin da bai samu isasshen ruwa ba iska yake zuƙa. Za ka ji muryarsa tana hawa tana sauka, feshin yana fita gutsi-gutsi, tiyo yana zillo a hannu. A cikin famfon injin akwai fistin guda uku masu matsa ruwa da robobin hana yoyo, waɗanda makanikai ke kira juwan, kuma ruwan da ke wucewa shi ke sanyaya su, shi ke sa su santsi. Minti kaɗan a bushe ya isa su ƙone, daga nan sai ɗigo ta ƙarƙashin inji.

Mai raunin pampo, ko mai sayen ruwa wurin ƴan garuwa, ya nemi injin da ke iya jan ruwa da kansa daga tano. Ba kowane ke yi ba. Wanda ke yi ma yana bukatar tiyon zuƙa na musamman, mai rariya da bawul na hana ruwa komawa, kuma injinan gida ba su iya ɗago ruwa daga ƙasa sosai, kamar rabin mita ne iyakarsu. Dabarar da ta fi ita ce a ɗora tanon bisa bulo biyu ko uku, a sa masa kan pampo daga ƙasa, ruwa ya gangaro wa inji. Tano mai lita 200 zai ba inji mai shan lita 420 a awa feshin kusan rabin awa, wanda ya ishi mota ɗaya da babur da sauran canji.

Sai zafi, wanda ba a cika faɗa wa mai saye ba. Takardar yawancin injinan gida ta ce kada ruwan da ke shiga ya wuce digiri 40. A watan Afrilu da Mayu iskar Yamai ko Tawa kanta tana wuce haka, balle ruwan baƙin shato na roba da ya yini bisa rufi, ko tiyon da aka yasar a rana. Ruwan zafi yana laushe juwan, kuma a injinan da ruwa ke sanyaya motarsu, wato motar kuran da ke juya famfo, zafi ne ake ƙara mata. Wanki da sassafe, ko a zubar da ruwan farko har sai hannu ya ji sanyi.

Yashi kuwa shi ne mai kisan mummuƙe. Ruwan foraji da na rijiya, har na pampo bayan an gyara layi, yana zuwa da tsaki. Ƴar rariyar da ke bakin inji ba ta tare ƙanana. Sayi matatar ruwa mai gilashin roba da ake ɗaurawa tsakanin tiyo da inji tun ranar da ka sayi injin. Kuɗinta bai kai na zuwa wurin mai gyara sau ɗaya ba.

Kuran

Lissafin mai sauƙi ne: raba wat da 220. Inji mai wat 1400 yana jan amfiya 6 da ɗoriya, mai 2100 kusan 10, mai 3000 kusan 14. Duba abin da kwantar NIGELEC ta gidanka ke ɗauka, ka cire na firji da kilim da famfon shato in suna aiki lokaci ɗaya. Wanda ya kai babban inji gida mai ƙaramar kwanta, zirga-zirgar mayar da kuran zai yi ta yi.

Wayar ƙari ma tana da ƙa'ida: har mita 10, mai kaurin milimita 1.5, daga 10 zuwa 30, mai 2.5. Siraran wayoyin da ake cajin salula da su ba su ciki. In mai naɗi ce a warware ta duka, don wadda ke naɗe ɗumi take yi har robarta ta narke. Wurin jonawa ya kasance mai wayar ƙasa, layin kuma da na'urar katsewa ta miliamfiya 30, wadda masu aikin kuran ke kira diferansiyel. Mutum ne tsaye cikin ruwa riƙe da bindigar feshi, gidaje da yawa kuma ba a ja musu wayar ƙasa ba. Wannan a kira mai aikin kuran ya duba tun kafin inji ya shigo gida.

Mai niyyar aiki da gurup in an ɗauke wuta ya sani cewa inji na fizgar ninki biyu zuwa uku na kuransa a lokacin tashi, kuma duk sanda ka saki kunamar bindiga ka sake matsawa, sabon tashi ne. Ƙaramin gurup ɗin fanka da talabijin ba zai iya ba.

Wane aji ne naka

Na batir, mai kama da injin huda bango, wanda ake jefa tiyonsa cikin bokiti, ƙarfinsa bai cika wuce bar 20 zuwa 30 ba. Yana sauke ƙurar hunturu daga babur da tagogi, ba ruwansa da ɗaukewar wuta. Laka da ta bushe da dattin siminti sun fi ƙarfinsa.

A injinan kuran, jerin injinan kamfanin Kärcher ya dace a yi awo da shi, ko da Bosch ko Ingco ko Total za ka saya, don a ga yadda lambobi ke tafiya tare. K2 wat 1400 ne, bar 110, lita 360 a awa. K4 wat 1800, bar 130, lita 420. K5 wat 2100, bar 145, lita 500. K7 wat 3000, bar 180, lita 600. Lura da lita: bar ce ke ɓamɓare datti, amma lita ce ke kore shi. A garin da dattinsa ƙura ce da yashi, ba gansakuka ba, inji mai bar 130 da lita 450 zai riga mai bar 160 da lita 330 gama tsakar gida.

Ga hanyar kama ƙaryar kwali. Ninka bar da litar minti ɗaya, ka raba da 600, abin da ya fito kilowat ne. In an rubuta bar 200, lita 8 a minti, lissafi ya ba da kusan kilowat 2.7, in motar wat 1400 ce, to ka san inda aka dosa, don inji ba ya fitar da ƙarfin da bai ci ba. Ko a injinan kirki, lambar kwali ta ƙololuwa ce, ƙarfin da yake aiki da shi kullum bai kai ta ba, kuma yana rubuce a ƴar takardar da ke manne a jikin inji. In PSI aka rubuta, wani ma'aunin ƙarfin bugun ruwa, raba da 14.5: PSI 2000 bar 138 ke nan.

Mai babur ɗaya da ƴar baranda, ƙaramin aji ya ishe shi. Gida mai mota, da tsakar gida ta karo ko pabe, da kafet ɗin da ake fiddawa gabanin Salla, aji na tsakiya ne nasa, wat 1800 zuwa 2100, kuma a ganinmu nan ne kuɗi ke biyan kansa. Babba na wat 3000 ya fi ƙarfin bukatar yawancin gidaje, ya kuma fi ƙarfin pamponsu. Mai son buɗe wurin wankin mota kuwa ya bar duk waɗannan. Injin gida ba a yi shi don yini yana aiki ba. Nasa shi ne famfo mai kan tagulla da ake zuba wa mai, wanda motar kuran ke ja da bel, ko mai aiki da esansi.

Ɗaga shi ka ji

Motar inji iri biyu ce. Mai gawayi, wato sharbon, ba ta da nauyi, tana da tsananin ƙara, tana saurin zafi, gawayinta yana cinyewa, ƙura kuma tana gaggauta hakan. Inji mai ita kilo 4 zuwa 6 ne, a hutar da shi bayan kowane minti 15 ko 20. Ɗayar, mara gawayi, tana da nauyi, muryarta ƙasa-ƙasa, ta fi daɗewa nesa ba kusa ba. Injinta yakan wuce kilo 10. Aibinta ɗaya: in kuran ya yi rauni sai ta tsaya tana gurnani ba ta juya ba, in ba a kashe ta nan take ba ta ƙone. A unguwar da fitila ke dushewa da maraice, wannan abin lura ne. In mai shago ya ce mara gawayi ce amma ka ɗaga da yatsa biyu, ajiye masa abinsa.

Kan famfo na roba ne, ko alminiyam, ko tagulla, kuma haka darajarsu take hawa. Na roba in ya tsage ba a like shi, sai sauyi. A nan tambayar kayan gyara take shigowa: akwai tiyon matsi, bindiga, juwan da gawayin wannan samfurin a Yamai? Bakin tiyon kamfanoni ba ɗaya ba ne, har masu zaren M22 akwai na milimita 14 da na 15, suna ɗauruwa amma suna yoyo. Injin da ba a san sunan kamfaninsa ba, ranar da tiyonsa ya fashe ya zama kayan ajiya. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Mai saye daga Tawa ya haɗa da juwan na ajiya da kan feshi ɗaya tun a shago, kada ƴar roba ta sa shi jiran motar Yamai.

Na hannu da ke zuwa daga Turai wani lokacin ya fi sabon araha inganci, amma da yawansu sanyin can ya daskarar da ruwa a cikinsu ya tsaga famfo, tsagar da ido ba ya gani sai an matsa. Na Amurka kuma na bolt 120 ne, ba na kuranmu ba.

Kan feshi, da abin da ba a nufa da shi

Wasu injinan sanda ɗaya gare su da ake murɗawa, wasu kawuna masu launi: ja tsinin allura ne, rawaya faɗin feshinsa digiri 15, kore 25, fari 40, baƙi na sabulu. Fari na mota da gilashi, kore na karo da siminti. Jan nan a bar shi cikin kwali, yana yanka fata, yana zane fenti. Kai mai juyawa yana da kyau ga siminti tsirara kawai. A mota da taya a bar tazarar santimita 30 aƙalla.

Ginin ƙasa, ko da an shafe shi da siminti, ba a kusantarsa. Ruwa zai sami tsaga ya shiga baya, shafen ya ɓamɓaro falle-falle. Pabe, feshi a tsaye yana kwashe yashin da ke riƙe da shi, a karkata sanda. A babur a kauce wa sarƙa, rulma, buji da bakin salansa, don matsi yana korar giris ya bar ruwa a gurbinsa. Panon hasken rana da haƙarƙarin kilim na waje, tiyon pampo da tsumma sun ishe su. Kitsen layya a daɓe kuma ruwan sanyi ba ya narkar da shi komai ƙarfinsa: sabulu tukuna, a bar shi minti 5, sannan feshi. Kada a zuba jabel ko garin Omo a tankin sabulun inji, ɗaya yana cin juwan, ɗaya yana toshe hanya.

Gwaji kafin biya

Kada ka karɓi inji, sabo ko na hannu, ba a jona shi da ruwa a gabanka ba. A buɗe ruwa, a matsa kunama inji yana kashe har iska ta gama fita ruwa ya miƙe, sannan a kunna. Feshin ya fito bai ɗaya, babu shaƙuwa. Saki kunama: mota ta tsaya cak. Yanzu ka jira minti ɗaya cur, hannunka a aljihu. In ta riƙa tashi da kanta tana tsayawa, akwai yoyo a ciki ko a bindiga. Ɗaga injin ka duba ƙasan inda ya zauna ko ta jiƙe. Mai shago ya rubuta tsawon garanti da lambar injin a jikin rasit, ka kuma ƙirga kawunan feshi da ƴar allurar share su kafin a rufe kwali.