Giya daga gwangwani: abin da na gani bayan zubi biyu

Kakata a ƙasar Pankshin mai dafa burkutu ce. Dawa take jiƙawa, ta rufe ta har ta yi tsiro, ta shanya, a kai inji, sannan a wuni ana fama da tukunya da hayaƙi. Kwanaki ake yi kafin ƙwarya ta taɓa bakin kowa. Shi ya sa ranar da na ga wani gwangwani a shago a birnin Leeds na Ingila, wai giya lita 23 za ta fito daga cikinsa, dariya na yi. Na dai saya. A Ingila tun 1963 doka ta sakar wa mutum mara ya yi giyarsa a gida, muddin ba sayarwa zai yi ba. Wanda addininsa ya hana, wannan sharhin ba nasa ba ne, ya wuce da alheri.

Gwangwanin kilo 1.7 ne. Abin da ke ciki ruwan tsiron sha'ir ne da aka dafa, aka ƙafar da shi har ya yi kauri kamar zuma, an riga an zuba masa furen hof, wanda ke ba giyar Turawa ɗacinta. A ƙarƙashin murfi akwai ɗan ƙullin yis. Wato duk wahalar kakata an gama maka ita a masana'anta. Naka kawai ka narkar da shi a ruwan zafi cikin bokiti, ka ƙara sukari kilo 1, ka cika da ruwan sanyi, ka barbaɗa yis, ka rufe. Wankin bokiti da kwalabe 40 da maganin kashe ƙwayoyin cuta ya fi haɗin kansa cin lokaci, kuma nan ne ba a yin ha'inci, don kwalba ɗaya mai datti tsami za ta yi.

Zubin farko a Janairu na yi shi, gidan kamar firji. Yis ɗin yana son zafi wajen digiri 18 zuwa 22, ni kuwa ɗakin ajiyata 14 yake. Kwana biyu shiru, ko kumfa babu. Sai da na matsar da bokitin kusa da hita, na lulluɓe shi da bargo kamar mai zazzaɓi, kafin ya fara motsi. Takardar gwangwanin ta ce mako ɗaya a bokiti, ni na yi kwana 12. Bayan na ɗura a kwalba da rabin ƙaramin cokalin sukari, na jira mako uku.

Ta shawu, ƙarfinta wajen kashi 4 cikin ɗari, kumfa ras. Amma ba ta da jiki, tsararo ce, da wani ɗanɗano kamar ɗanyen tuffa. Rashin jikin laifin farin sukarin nan ne: yis yana cinye shi tas, ba ya barin komai a harshe. A zubi na biyu na maye gurbinsa da garin tsiron sha'ir busasshe kilo 1, na kuma sayi yis daban. Bambancin kamar koko da kunun gyaɗa.

Zan sake saya, don kuɗin kwalba bai kai rabin na kanti ba. Sai dai mai neman tsami da kaurin burkutu ba zai same su a nan ba. Na ba wani ɗan garinmu ya kurɓa, ya juya ta a baki, ya ce, "Yaya, ta yi daɗi, amma ba ta ƙosarwa."