Kantar fayafayan garmaho: filawud ko ƙarfe?

Kwalin babban faifai ya ɗan haura inci 12, don haka kowane rami na kanta ya zama inci 13, tsayi da zurfi. Nauyin ne matsala: ƙafa ɗaya ta fayafai a jere takan kai kilo 15.

Filawud mai kaurin milimita 18 ya fi araha, kuma kafintan Gusau zai haɗa shi cikin yini. Amma in ba a sa katanga duk bayan inci 14 ba, tsakiya za ta lotsa. Ga gara kuma. A ɗora shi bisa bulo.

Ƙarfen mai walda ba ya lotsawa, sai dai tsatsar damina takan ɓata kwali, dole a shimfiɗa katako a kai.

Filawud ya fi dacewa. Fayafan su tsaya tsaye, nesa da taga, don ranar Afrilu tana lanƙwasa su.