Kafin Ka Sayi Tsoffin Takardun Asibitocin Sadaka na Yahudawan Denver

Birnin Denver na Amurka ya kafu ne a 1858 a dalilin haƙar zinariya, amma daga baya masu tarin fuka suka riƙa tururuwa zuwa can don neman busasshiyar iskar tsaunuka, akasarinsu kuwa ba su da ko sisi. Yahudawan garin sun gina musu manyan asibitoci 2, kuma tsoffin kayan waɗannan asibitoci ne masu tara kayan tarihi ke saye a yau.

Na farko shi ne National Jewish Hospital, wanda ya samo asali daga fafutukar wata Bayahudiya mai aikin agaji, Frances Wisebart Jacobs, aka kuma buɗe shi a 1899 da tallafin ƙungiyar taimakon juna ta Yahudawa mai suna B'nai B'rith. Katunansa na gidan waya masu hoto suna da kyau, sai dai gini kawai suke nunawa. Akwatunan sadaka na gwangwani kuwa da wuya a tabbatar da shekarunsu, don haka ba na ba da shawarar su.

Abin da ya fi cancantar kuɗinka shi ne rasidai da wasiƙun masu asibiti na biyu, wato JCRS (Jewish Consumptives' Relief Society), ƙungiyar agajin masu tarin fuka da Yahudawa baƙin haure daga Gabashin Turai suka kafa a 1904 tare da Dakta Charles Spivak. Ta fara ne da tantuna, tana karɓar har majinyatan da cutar ta ci ƙarfinsu, waɗanda ɗaya asibitin ba ya ɗauka a lokacin, tana kuma dafa abinci bisa ƙa'idar addininsu. Da 'yan kwabban talakawa aka riƙe ta, shi ya sa ƙaramin rasidi mai ɗauke da sunan mai bayarwa ya fi hoton gini bayani.

Jabu dai sun yi yawa. Wani dillali a intanet ya taɓa sayar mini da kati sabon bugu da aka rina ya yi kama da tsoho, tun daga nan nake fara duba baya kafin gaba. Sai a 1907 Amurka ta amince a raba bayan kati gida 2, na saƙo da na adireshi, saboda haka katin da aka raba bayansa amma aka ce na 1900 ne ƙarya ne. Lambar shiyyar gidan waya ta ZIP a 1963 ta fito, don haka takardar da aka buga da ita ba ta girmi wannan shekarar ba. Duk takardar JCRS mai kwanan wata kafin 1904 ƙirƙirarriya ce. Sabuwar takarda takan yi ƙyallin shuɗi a ƙarƙashin fitilar gwada takardun kuɗi, ta wancan zamanin kuwa ba ta yi. Dillalin da ya ƙi turo hoton baya, ko ya ƙi amincewa da mayar da kaya, kada ka tura masa kuɗi.