Sito ko tirela? Ni dai sito nake ba ka shawara

Ɗan'uwa, ka tambaya ko tirela za ka saya ko sito, tunda ana ta faɗaɗa tashoshin jiragen ruwa. Sayi sito. Duka biyun sun ratsa hannuna.

Tirelar shekara 2 ta yi a wajena. Tana kawo kuɗi, ba na musu, amma taya da man dizal da kwanakin da take kashewa a layin shiga tasha su suke cinye su. Na sayar da ita ban waiwaya ba.

Siton kuwa har gobe ina gode wa Allah da na kama shi. Ban manta wani yammaci da wani bawan Allah ya zo min hankali a tashe ba. Kwantenarsa mai ƙafa 40 ta fito, kwanakin da kamfanin jirgi ke bayarwa kyauta sun ƙare, kowace safiya tara tana hawa kansa, ga shi ba shi da inda zai zuba kaya. Muka kunna fitilu, leburori suka yi ta sauke kwalaye har tsakar dare, mai gadi yana ƙirgawa da alli a jikin bango. Gari na wayewa aka mayar da kwantenar babu komai a ciki. Yau shi ne babban mai hayata, kuma ta hanyarsa wasu 3 suka zo.

Dalilin a fili yake. In aka zurfafa tasha, manyan jirage suka fara tsayawa, cunkoson kan tudu yake komawa, kaya kuma dole su sami wurin kwana. Dubi tashar jiragen ruwa ta Tanja Med a Maroko: an buɗe ta a 2007, zuwa 2012 Renault ya kafa masana'antar motoci a kusa, yankin ya cika da rumbunan ajiya. Habasha ba ta da teku, sama da kashi 90 cikin 100 na kayanta ta Jibuti suke bi, amma kwantenoni da yawa a tashar tudu ta Mojo da ke cikin Habasha ake tantance su.

Sai dai ka lura da inda jirgin ƙasa zai sauke kaya. A Kenya, daga 2018 gwamnati ta tilasta ɗora kwantenoni a sabon layin dogo daga Mombasa zuwa Nairobi. Masu tireloli suka shiga uku, masu sito a Mombasa ma sun ji a jikinsu, har sai da aka janye umarnin a 2022. Shi ya sa nake cewa ka nemi wurin da titi da dogo suka haɗu.

Wani abu da ba ka tambaya ba: dillalan fili. Za su shimfiɗa maka taswira mai launi, su ce nan ƙofar tasha za ta kasance. Kada ka biya sisi a kan zane. Tashar jiragen ruwa ta Hambantota a Sirilanka an gina ta da bashi, jirage suka yi ƙaranci, a 2017 aka ba wani kamfanin Sin hayarta ta shekara 99. Ka je ofishin filaye da ƙafarka ka duba takardu, ka koma wurin ranar da aka yi ruwan sama, sannan ka sa direba ya gwada juya tirela a bakin ƙofar kana tsaye.