Cape Town, Amsterdam ko Berlin: Inda Mai Harka Ya Kamata Ya Kai Kuɗin Hutunsa

Namijin da ke neman maza 'yan uwansa, wato mai harka, idan ya tara kuɗi yana son ya fita hutu ya sha iska, tambayoyin da ke gabansa sun fi na sauran matafiya yawa. Bayan kuɗin jirgi da na masauki, dole ya san abin da dokar ƙasar ta ce a kansa, da ƙasashen da jirginsa zai yada zango, da kuma ko zai dawo gida asirinsa a rufe. Wannan na ƙarshe shi ne ma'aunin da na fi ba wa nauyi, domin a Najeriya dokar da aka sa wa hannu a Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14, jihohin da ke bin shari'a kuma hukuncinsu ya fi haka tsanani. Hutun mako biyu bai kai a sayar da zaman lafiyar shekaru saboda shi ba.

A wurina Cape Town ce kan gaba, kuma da tazara. Tsarin mulkin Afirka ta Kudu na 1996 shi ne na farko a duniya da ya hana nuna wa mutum bambanci saboda jinsin da yake so, sannan a Nuwamban 2006 ƙasar ta halatta auren jinsi, ta zama ta farko a nahiyarmu. Amfanin wannan ga baƙo a bayyane yake: maza biyu za su kama ɗaki ɗaya mai gado ɗaya a otal, ma'aikacin ya miƙa musu makulli ba tare da ya ɗaga ido ba, kuma idan wani ya cuce ka kana iya zuwa ofishin 'yan sanda a matsayin mai ƙara, ba tare da tsoron a juya maganar kanka ba. Unguwar De Waterkant, mai ƙananan gidaje da titunan dutse a gindin tsaunin Signal Hill, nan ne matattarar masu harka tun shekaru da dama, ko da yake yanzu wuraren shaƙatawar sun bazu cikin gari. Abin da ya fi burge ni shi ne maƙwabciyarta, Bo-Kaap, unguwar Musulmin da kakanninsu aka kawo bayi daga gabashin duniya. A titin Dorp akwai masallacin Auwal, wanda aka kafa a 1794, mafi daɗewa a ƙasar. Matafiyi Musulmi zai sami Juma'a, ya sami abincin halal ba tare da dogon bincike ba, ranar Lahadi da safe kuma ya sayi koesister, wani soyayyen fulawa mai kayan ƙamshi da ake tsomawa a ruwan sukari a barbaɗa masa kwakwa, wanda ake ci da zafinsa a tsaye bakin shago. Daga nan zuwa De Waterkant tafiyar 'yan mintoci ce a ƙafa, kuma ban san wani birni da ya haɗa waɗannan biyun kusa da juna haka ba.

Abin kallo kuwa ba ya ƙarewa. Motar igiyar da ke hawa tsaunin Table tana aiki tun 1929, kuma daɓenta yana juyawa a hankali yadda kowa zai ga teku da gari, sai dai iska mai ƙarfi kan sa a rufe ta, saboda haka a hau ranar farko da gari ya yi garau. Jirgin ruwan tsibirin Robben, inda Mandela ya yi shekara 18 a tsare, yana tashi daga tashar V&A Waterfront, kuma tikitinsa na ƙarewa da wuri a lokacin zafi. Gaɓar Clifton kashi huɗu ce, ta uku ce masu harka suka fi zama. Ruwanta sanyi ƙalau ne ko a Janairu, da yake lokacin zafi ne a can, don haka yawancin mutane kwanciya kan rairayi ke kai su. Bikin Pride na birnin, wato bikin shekara na masu neman jinsi, yana zuwa ƙarshen Fabrairu zuwa farkon Maris. Mai son tarihi ya ware kwana biyu a Johannesburg, inda ɗan gwagwarmaya Simon Nkoli da abokansa suka jagoranci tattakin Pride na farko a 1990, inda kuma ma'ajiyar tarihin masu neman jinsi ta GALA take a jami'ar Wits.

Ba zan ɓoye aibinta ba. Fashi da makami gaskiya ne, kada kowa ya hau tsauni shi kaɗai ko ya shiga unguwannin bayan gari ba ɗan gari a tare da shi. Kisan Imam Muhsin Hendricks, limamin da ya bayyana a fili cewa mai harka ne, wanda aka harbe a Gqeberha a Fabrairun 2025, ya nuna cewa kyawun doka bai sauya zukatan kowa ba. Fasfo ɗin Najeriya ma yana jawo kallon tuhuma a wasu wurare, kamar yadda hare-haren ƙyamar baƙi na 2019 suka nuna. Duk da haka kuɗinsu na rand ya fi yuro sauƙi ga aljihunmu, kuma wanda ya ce wa danginsa ya je Afirka ta Kudu kasuwanci ko taro babu mai yi masa tambaya ta biyu.

Amsterdam tana da tarihinta: a can aka fara ɗaura auren jinsi ranar 1 ga Afrilun 2001, kuma akwai Homomonument na 1987, wurin tunawa da masu neman jinsi da aka zalunta, kusa da gidan tarihin Anne Frank. Amma tsadar masaukinta a watan Agusta, lokacin jerin gwanon kwale-kwale na Pride, ta wuce hankali. Berlin ta fi ta amfani ga mai son tarihi, saboda gidan tarihin masu neman jinsi na Schwules Museum da labarin cibiyar binciken jinsi ta Magnus Hirschfeld ta 1919 wadda 'yan Nazi suka wawashe a 1933. Dukansu biyu suna bayan katangar bizar Turai ta Shengen, mai yuro 90 da ba a mayarwa idan an hana ka. Thailand, ƙasar Bangkok, ta halatta auren jinsi a Janairun 2025, sai dai nisa da tarin takardun biza sun ishe ta aibi. Kef Bad (Cape Verde) ta soke haramcin neman jinsi tun 2004, kuma ƙasar ECOWAS ce, illa dai hanyar jirginta mai kwana-kwana. Dubai da Doha da Alƙahira da Marakesh kuwa ba sa cikin lissafi, don dokokinsu ba sa kare mai harka. Idan jirgi ya yada zango a can ko a Adis Ababa, a zauna cikin filin jirgi, a rufe manhajojin haɗuwa har sai an tashi, domin a Masar an sha samun rahoton 'yan sanda na amfani da su wajen kafa tarko.

Inda na fi son mai karatu ya natsu shi ne batun macuta, domin su ne ke lalata tafiya tun ba a tashi ba. Na farko shi ne dillalin biza. Wani da aka haɗa ni da shi ya karɓi fasfo ɗina da kuɗi da sunan zai samo takardar gayyata, ya yi ta jan hira cikin fara'a har ya fahimci inda na dosa da dalili, daga nan sai farashi ya ninka, aka fara cewa ai an san gidanmu. Da ƙyar fasfo ya dawo, kuɗin kuwa sun tafi. Tun daga lokacin ƙa'idata ɗaya ce: takardun biza a cika su da kai, a miƙa ta cibiyar da ofishin jakadancin ƙasar ya ayyana, kuma dalilin tafiya yawon buɗe ido ne, babu ƙari. Duk wanda ya ce yana da ɗan uwa a ofishin jakadanci, ko ya ce zai rubuta maka labarin neman mafaka ka haddace, ko dai ɓarawo ne ko mai tara abin da zai yi maka barazana da shi gobe.

Na biyu su ne 'yan kito, masu yaudarar mutum ta manhaja su kira shi wani ɗaki, su yi masa duka, su ɗauki bidiyo, su kwashe asusunsa. Kada a ɗauka an bar su a Legas ko Abuja. A Johannesburg an kama gungun masu garkuwa da mutane ta manhajar Grindr a 2023, kuma baƙon da bai san unguwanni ba shi ne abin farautarsu mafi sauƙi. Haɗuwar farko ta kasance a gidan shayi mai jama'a da rana, bayan an yi kiran bidiyo an ga fuska, kuma kada a shiga motar da wani ya aiko. A bar fasfo da babban katin banki a akwatin ajiyar otal. Akwai kuma masu tallan masauki da tutar bakan gizo, alamar masu neman jinsi, a Instagram, ɗaki mai kallon teku a rabin farashi, su ce a tura kuɗi asusun wani mutum. Banza ba ta kai zomo kasuwa. A biya ta shafin da ke riƙe kuɗi har sai an shiga ɗaki, a kuma karanta sharhin baƙin da suka kwana. Na uku ba macuci ba ne, kyamara ce: a wurin biki kowa na ɗaukar hoto yana watsawa, 'yan ƙasarmu kuma suna ko'ina, don haka hula da tabarau da tsayawa gefen hanya sun fi shiga tsakiyar jerin gwano.

Game da karatu, littafin K. Sello Duiker na 2001, The Quiet Violence of Dreams, a Cape Town labarinsa yake, kuma yana nuna fuskar birnin da takardun talla ba sa nunawa. Walking with Shadows na Jude Dibia, na 2005, Legas ya shafa, sannan Allah Made Us na Rudolf Gaudio, na 2009, bincike ne kan 'yan daudu da masu harka a Kano. Kantin Clarke's da ke titin Long wuri ne mai kyau na neman littattafan Afirka. Shawarata ita ce a karanta na takarda a can a bar wa masauki, sauran a saye su a waya mai makulli, sannan kafin a hau jirgin dawowa a goge manhajoji da hotuna da saƙonni, har da kwandon da gogaggun hotuna ke zama na kwana 30.